Kwana 17, Banki Ya Buɗe Sau 6: Tarihin Hutun Banki Daga Landan Zuwa Kano

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Bari in fara da Gwaggona, ƙanwar babanmu. Atamfa da leshi take sayarwa a cikin gida, kuma garin da take aure babu banki ko ɗaya, sai an shiga mota an yi tafiyar kusan awa guda. Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024, wato 29 ga Ramadan, da la'asar sakaliya ta je wurin mai POS za ta tura wa dilan da ke ba ta kaya bashi cikon kuɗinsa, don ta yi masa alƙawarin ba zai yi Sallah da bashinta ba. Aka cire kuɗin daga asusunta, alat ya shigo mata, shi kuma can bai ga komai ba. Mai POS ya ce ba daga wurinsa ba ne, sai dai ta je banki. Lokacin ƙarfe huɗu ta wuce, an rufe.

Gwamnatin tarayya ta riga ta ba da hutun Talata da Laraba, don haka Gwaggo ta yi lissafin Alhamis. A daren nan kuma ba a ga wata ba, Sarkin Musulmi ya ce a cika azumi talatin, Sallah ta koma Laraba, gwamnati ta ƙara Alhamis a kan hutun. Ita ba ta ji wannan sanarwar ba, tana fama da tuwon Sallah da baƙi. Ranar Alhamis ta yi sammako, ta biya kuɗin mota, ta tarar da ƙofa a garƙame, maigadi ya ce mata "Hajiya sai gobe." Juma'a ta sake biyan kuɗin mota, ta tarar da layi har bakin titi. Da ƙyar ta samu ta cike fom. Kuɗin bai dawo ba sai cikin makon da ya biyo, kuma duk tsawon kwanakin nan dilan yana ganin kamar yawo take masa da hankali.

Da ta kira ni, cewa ta yi: "Ɗan nan, kai da ka yi boko, wai wa ya ce banki ma sai ya yi Sallah?"

Na yi dariya, amma da na ɗauko kalanda sai dariyar ta tsaya. Ista ta faɗo dab da wannan lokacin, an yi hutun Juma'a 29 ga Maris da Litinin 1 ga Afrilu. Ku ƙirga da kanku: daga 29 ga Maris zuwa 14 ga Afrilu kwana 17 ne, kuma a cikinsu sau 6 kacal aka buɗe ƙofar banki a Najeriya. A daidai lokacin da tela, mai kaji, mai takalma da mai lalle suka fi kowane lokaci juya kuɗi.

To tambayar Gwaggo tana da amsa, kuma amsar daga Ingila ta faro.

Kafin 1834, Babban Bankin Ingila yana rufewa a ranakun bukukuwan coci da na tunawa da waliyyansu, kusan kwana 33 a shekara. A 1834 aka zaftare su suka koma huɗu: 1 ga Mayu, 1 ga Nuwamba, Juma'ar Ista da ranar Kirsimeti. Zamanin masana'antu ya kankama, kasuwa ba ta son jira. Akawun banki ya zama kamar jakin Kano, shekara ta zagayo yana kan kujera.

Sauran bankuna kuwa ko sun so su ba ma'aikatansu hutu, akwai abin da ya ɗaure musu hannu. Kasuwancin wancan zamanin da takardar bashi ake yinsa. Ka karɓi kaya yau, ka sa hannu cewa ranar kaza za a biya ta hannun banki kaza. Idan ranar ta zo mai takarda ya tarar da banki a rufe, to a idon doka an kasa biya, kuma bankin da aka ce ya kasa biya sunansa ya gama lalacewa. Saboda haka rufe ƙofa ko na yini ɗaya kasada ce.

Wanda ya warware wannan ƙullin shi ne Sir John Lubbock, ma'aikacin banki ne ɗan gado, ɗan majalisa, kuma maƙwabcin Charles Darwin ne tun yana yaro. A 1871 ya kai ƙudiri majalisa ya zama doka. Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: ga wasu ranaku da banki zai rufe, duk takardar da wa'adinta ya faɗo a cikinsu sai washegari za a biya, kuma ba wanda za a kama da laifin jinkiri. Daga nan sunan hutun banki ya samo asali. Da bankuna suka rufe, shaguna da masana'antu suka bi sahu, jiragen ƙasa suka cika da masu zuwa bakin teku. Mutane suka ji daɗi har suka riƙa kiran ranakun da sunan ranakun Waliyyi Lubbock, cikin raha.

Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Na farko, dokar ba hutu kaɗai ta bayar ba, ta kare wanda ake bi bashi. Rufewar banki ba ta zama laifinsa ba. Gwaggo ba ta samu wannan kariyar ba, don tsakaninta da dilanta babu takarda, amana ce kawai, ita kuma amana ba ta san ranar hutu ba.

Na biyu, tun ranar farko hutun bai zama iri ɗaya a ko'ina ba. Ingila, Wales da Ireland aka ba su Litinin ɗin Ista, wata Litinin ta bikin coci bayan Ista da mako bakwai, Litinin ta farko a Agusta, da washegarin Kirsimeti. Scotland kuwa nata jerin daban, har da ranar sabuwar shekara, saboda a can ita ce babban biki. Ingila ba ta mayar da 1 ga Janairu hutun banki ba sai 1974, bayan fiye da shekara ɗari. Wato ɗan kasuwar Landan mai hulɗa da Glasgow dole ya riƙe kalanda biyu a kansa.

Inda wannan bambanci ya fi fitowa fili a yau shi ne Indiya, kuma na san da yawanmu muna da ɗan uwa da ya je can asibiti ko karatu. Turawan mulkin mallaka sun kafa musu dokar takardun kuɗi a 1881, har gobe da ita ake ayyana hutun banki, kuma kowace jiha tana fitar da nata jerin. A Janairu bankunan Tamil Nadu za su rufe don bikin Pongal, na Kerala su rufe don Onam wajen Agusta ko Satumba, na Kolkata su yi kwanaki a rufe don Durga Puja, alhali a wani birnin ana ta aiki. Tun Satumba 2015 kuma bankunansu ba sa buɗewa Asabar ta biyu da ta huɗu a kowane wata. Abin ya fi namu rikitarwa nesa ba kusa ba. Amma Babban Bankin Indiya yana wallafa jerin ranakun birni-birni, na shekara guda cur, kowa ya shiga intanet ya duba. Mai jinya a Chennai zai iya sanin tun watanni kafin lokaci cewa ranar kaza kada ya dogara da kanta.

Mu dawo gida.

Kakanninmu sun yi fatauci daga Kano zuwa Gwanja da Tarabulus ba tare da ginin da ake kira banki ba. Akwai wuri, akwai azurfa, akwai fatoma da ke saukar da baƙo ya ajiye masa dukiya ya tsaya masa a ciniki. Ma'ajin ɗan kasuwa mutum ne, kuma mutum ko ranar Sallah ana iya yi masa sallama a zaure. Banki irin na Bature ya sauka Legas a farkon shekarun 1890, kuma a 1894 aka kafa Bank of British West Africa, wanda shi ne ya rikiɗe ya zama First Bank na yau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, banki ya biyo kuɗi zuwa Arewa. Labarin da ya shahara shi ne na Alhassan Ɗantata, wanda a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙumi ashirin wannan banki a Kano.

Ranar da aka sauke wannan lodin, ba kuɗi kaɗai ya shiga hannun banki ba, har da lokaci. Daga ranar, dukiyarka tana da awannin da za ka iya ganinta. Kuma agogon da kalandar ba namu ba ne. Mu da muka saba Alhamis da Juma'a ne hutun makarantar allo, sai ga ma'ajin da ke hutawa Lahadi, yana lissafi da watannin rana, yana rufewa ranar Kirsimeti da Ista. An shigar da Sallah cikin jerin ranakun hutu, wannan gaskiya ne, amma shigar da ita aka yi cikin tsarin da aka gina don ranakun da ake sani tun shekara ba ta kama ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa Sallah ke zagaya damina, rani da hunturu, sai bayan kusan shekara 33 ta dawo inda ta faro. Wannan ana iya lissafa shi. Abin da ba a yanke shi sai daren 29 shi ne ganin wata. Dokar ranakun hutu ta 1979 ta jera ranaku masu tsayayyen kwanan wata, irin su 1 ga Janairu, 1 ga Oktoba da 25 ga Disamba, amma da ta zo kan Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi sai ta bar wa ministan harkokin cikin gida ya ayyana. Shi kuma minista a al'ada sai saura 'yan kwanaki yake magana. Idan ya yi hasashen azumi 29 aka yi 30, sai a ƙara kwana. Abin da ya faru da Gwaggo a 2024 ya taɓa faruwa a Yuli 2016: aka ba da Talata 5 da Laraba 6, wata bai fito ba, aka ƙara Alhamis 7. Shekara takwas tsakani, matsala ɗaya, magani ɗaya.

A Babbar Sallah ma uzurin ya fi rauni, tunda da an ga watan Zulhijja an san ranar Idi saura kwana goma. Duk da haka sai ka ga sanarwar hutu ta fito a makare, lokacin da mai raguna ya riga ya baro ƙauye.

Dokar nan kuma ta ba gwamna damar ayyana hutu a jiharsa, kuma wannan damar tana da tarihi mai daɗi da ya kamata matasan Arewa su sani. Hutun ranar ma'aikata na 1 ga Mayu ba daga Legas ya fara ba. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta fara ayyana shi a Kano a 1980, sannan gwamnatin Shehu Shagari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Haka 12 ga Yuni: jihohin Yarbawa sun yi shekaru suna hutunta su kaɗai kafin Buhari ya ayyana ta ranar dimokuraɗiyya a 2018, aka sa hannu a dokar a 2019. A yau jihohi da dama na Arewa, da wasu na Kudu maso Yamma, suna ba da hutun 1 ga Muharram. Kano takan ba da na Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Legas, Oyo, Ogun da Osun sun ba da hutun Isese na masu addinin gargajiya a watan Agusta.

Sai dai a nan ake yawan ruɗewa. Hutun jiha ya fi kama ma'aikatan jiha da makarantu, shi kuwa reshen banki umarnin hedikwatarsa yake jira. Kana iya zaunawa gida kana zaton an rufe alhali ana aiki, kana kuma iya zuwa ka tarar da kwaɗo. Sannan akwai rufewar da ba ta cikin kowace takarda. Wanda ya san Kano ya san bayan Hawan Sallah akwai Hawan Daushe, akwai Hawan Nassarawa, akwai na Ɗorayi ko Fanisau. A shekarar da aka yi hawa, ko gwamnati ta ce an koma aiki, hanyar da za ta kai ka reshenka dawaki ne a kanta. 'Yan kasuwarmu masu sayayya a Onitsha da Aba kuma sun san a Agusta 2021 Litinin ta zama ranar zaman gida a yankin, bankuna da yawa suka riƙa rufewa, ba don doka ta ce ba, don tsoro.

Wani zai ce, to ai yanzu zamanin waya ne, wa ke zuwa banki? Gaskiya ne an samu sauƙi. Tun 2011 aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, a 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar wakilan banki, wadda ta haifar da rumfunan POS da kuke gani a kowane lungu. Amma ku lura da abubuwan da har yanzu sai ka je da ƙafarka: katinka ya ƙare ko inji ya haɗiye, an ɗaure asusu saboda BVN ko NIN, suna bai yi daidai ba, layin wayarka ya ɓata, an cire kuɗi bai je ba kuma an ƙi ɗaga waya. Duk matsalolin da waya ke haifarwa, a kanta ake warware su. Kuma lokacin biki ne netwok ya fi shaƙewa, don kowa na turawa a lokaci guda. Wato ranar da ka fi buƙatar kanta, ranar ce aka rufe ta. A 2020 Babban Banki ya sa wa'adi: kuɗin da ya maƙale a ATM na wani banki a mayar cikin awa 48, na POS cikin awa 72. A takarda kenan. Duk wanda abin ya taɓa faɗa wa a jajiberi ya san yadda awannin nan ke miƙewa.

Ga kuma nisa. A 1977 gwamnati ta fito da shirin kai banki karkara, ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a ƙananan garuruwa. Daga baya guguwa ta yi ta zuwa. A Janairu 1998 kaɗai an soke lasisin bankuna 26. A 2004, zamanin Charles Soludo, aka ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North da iyayenmu suka sani ya narke cikin Unity Bank. Bankunan suka yi ƙarfi, amma reshe inda riba take yake zama, Legas, Abuja, Fatakwal da manyan titunan babban birnin jiha. Rashin tsaro ya zo ya kori wasu daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a sassan Borno, Yobe, Zamfara da Katsina. Shi ya sa hutun kwana ɗaya ba nauyinsa ɗaya ba. Ga mai zama a Wuse, gobe ma rana ce. Ga Gwaggo, kuɗin mota ne zuwa da dawowa sau biyu, da yini biyu ba ciniki, da hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mun ga da idonmu cewa ƙofar nan tana buɗuwa idan an ga dama. Ku tuna canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin naira 200, 500 da 1000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, mutane suka kwana a bakin ATM, aka sayi naira da naira, har jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. A cikin wannan rikicin bankuna sun buɗe Asabar da Lahadi don karɓar tsofaffin kuɗi, kuma a ƙarshen Maris, azumi ya kama, Babban Banki ya sake ba su umarnin su buɗe ƙarshen mako su ba mutane kuɗi. Ba a canza tsarin mulki ba, takarda ɗaya aka rubuta. Iyayenmu ma sun ga irinsa a 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su kai nasu banki. Idan gwamnati ce ke da buƙata, ana samun hanya.

Ni ba na cikin masu cewa a hana ma'aikacin banki hutu. Yayata ta yi aikin kashiya, na san yadda take dawowa gida bayan isha'i a ƙarshen wata, ita ma tana da 'ya'yan da ke son ganinta ranar Idi. Abin da nake nema ƙarami ne. Ma'aikatar cikin gida ta fitar da jerin hutun shekara tun Janairu, ta rubuta cewa Sallah za ta faɗo ɗaya daga cikin ranaku biyu, ga abin da za a yi idan ta faɗo ta farko, ga na ta biyu. Ganin wata yana nan a hannun Sarkin Musulmi, ba wanda ya taɓa shi, lissafin hutu ne kawai zai fito da wuri. Bankuna kuma, idan hutu zai haɗe da ƙarshen mako ya wuce kwana uku, su bar teburin ƙorafi ɗaya a buɗe a kowane babban gari, ko na rabin yini ne, a biya wanda ya zauna kuɗin ƙarin aiki. Sannan saƙon da suke turo mana na "za mu rufe ranar kaza" ya zo da Hausa, tunda saƙon cire kuɗin kula da asusu bai taɓa ɓatan hanya ba.

Kafin a kai can, ga yadda muke yi a gidanmu tun bayan abin da ya faru. Da azumi ya kai 15, duk mai kati ya juya shi ya duba watan da zai mutu. Duk abin da sai an shiga banki, a gama shi kafin 25 ga wata, kuma a je da safe, Talata ko Laraba, ba Litinin ba, ba Juma'a ba. Babban biya, irin na dila ko na rago, ba a barinsa sai jajiberi, kuma a yi shi da hantsi yadda idan ya maƙale akwai sauran awanni kafin ƙarfe huɗu. A ajiye rasit ɗin POS, a ɗauki hoton alat. Idan an ce hutu kwana biyu ne a Ƙaramar Sallah, mu uku muke ƙirgawa har sai an ga wata. Ranar farko bayan hutu kuma, in ba dole ba, a bar wa masu dole.

Gwaggo dai sun shirya da dilanta, bayan da na tura masa hoton fom ɗin da ta cike da kwanan wata a jiki. Azumin da ya biyo baya tun ranar 20 ga wata ta kira ni ta ce in duba mata ko an faɗi ranakun hutu. Na ce mata "Gwaggo ai da saura, ba su faɗa ba tukuna." Ta ce to ita dai gobe za ta shiga gari ta biya shi, su faɗa duk ranar da suka ga dama.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.